Laifi Tudu Ne: Jayayyar 'Yan Siyasa A Kan Kangayen Sharaɗa Da Bompai

Wanda ya bi ta unguwar masana'antu ta Sharaɗa bayan isha'i zai tarar da manyan ƙofofin ƙarfe a garƙame da kwado, ciyawa ta tsiro a bakinsu, maigadi yana zaune bisa benci da tocila da ɗan rediyo. A cikin wannan unguwa kuwa gidan rediyon Freedom ya ke, wanda aka buɗe a 2003, inda 'yan siyasa da 'yan korensu, waɗanda Kanawa su ke kira sojojin baka, su ke kai maganarsu a watsa ta cikin shirin Kowane Gauta. Maigadin nan yana jin wani ya ce mutanen wancan gida su ne su ka kashe masana'antun Kano. Kafin ya gyara zama wani ya karɓe, ya rantse cewa na wannan gidan ne. Ƙofar da ya ke gadi dai tana nan a rufe.

Wannan husuma ba yau aka fara ta ba. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabance ta. A 1951 kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama ta siyasa sosai, ga Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a gaba, ga sarakuna da En'e a bayanta. Waɗannan su na kiran sawaba, waɗancan su na kiran salama. 'Yan NEPU su ka ce sarakuna da hakimai sun danne talaka da haraji da jangali da aikin tilas. 'Yan NPC su ka ce waɗannan marasa kunya ne, ba su ganin girman na gaba, sun kuma ƙulla ƙawance da mutanen Kudu don su rushe abin da aka gada. Abin bai tsaya ga baki ba. An yi ɗauri, an yi bulala a gaban alƙalai, 'yan Mahaukata sun fasa taro da sanduna, har aure an kashe saboda suruki ya ga tauraron NEPU a gidan mijin 'yarsa.

To, amma ga abin lura. Cikin waɗannan shekaru na faɗa Bompai ta ke cika da injuna. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ga dalar gyaɗa a tsaye, ga auduga, ga fata da ƙirgi, saboda haka aka kafa ma'aikatun matsar man gyaɗa da na jima da na saƙa da na alewa da turare. Ɗan sawaba da ɗan salama su kan tsaya gaban inji ɗaya da safe, da la'asar kowa ya nufi taron jam'iyyarsa. Jayayyarsu tana da mas'ala a cikinta, watau wa zai mulki talaka, kuma da wane sharaɗi. Ko mutum ya ƙi ɓangare ɗaya, ya san abin da ya ƙi.

Zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, da shekarun da su ka biyo baya, aka faɗaɗa zuwa Sharaɗa, sa'an nan Challawa. Attajiran gari su ka shiga da ƙarfinsu, Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya. A 1979 magadan NEPU su ka ci Kano da sunan PRP, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali. Ba a daɗe ba gidan ya tsage biyu, santsi da taɓo, kowa yana kiran ɗan'uwansa maci amana. Ran 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, aka yi tarzoma, aka ƙone gidajen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad.

Ana cikin wannan hayaniya ne gara ta shiga ginin, ba wanda ya waiwaya. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, a 1982 gwamnatin Shagari ta yi dokar tsuke bakin aljihu, lasisin shigo da kaya ya yi wuya, alhali yawancin injunan nan ba su motsi sai da kayan gyara da sinadaran da a ke sayowa daga ƙasashen Turai. Gyaɗa kuwa tuni fari na 1973 da cutar da ta afka mata a 1975 sun karya ta. A 1986 Janar Babangida ya kawo tsarin da a ke kira SAP, darajar naira ta zube, aka rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi. A 1997, zamanin Janar Abacha, wanda shi ma ɗan Kano ne, aka ɗage takunkumin shigo da yadi. Atamfar Sin ta biyo ta Kwatano da Maraɗi ta cika Kantin Kwari, a farashin da masaƙar da ke ƙona baƙin mai a janareta dare da rana ba za ta iya kusantarsa ba. Wutar NEPA kuwa kowa ya san halinta. Mai karatu ya duba wannan jeri da kyau: akwai farar hula a ciki, akwai soja, akwai mai ra'ayin riƙau, akwai mai neman sauyi. Kowa ya sa hannu a cikin akushin.

Shi ya sa zargin da a ke yi a rediyo ya ke da ban mamaki. Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2003, ya kuma daga 2011 zuwa 2015, duk biyun Abdullahi Umar Ganduje ne mataimakinsa. Tsakanin nan Malam Ibrahim Shekarau ya yi shekara takwas. Ganduje ya karɓa a 2015, a 2016 su ka raba gari da maigidansa, Kano ta koma mai jar hula da wanda ya cire ta. Abba Kabir Yusuf, wanda ya ci zaɓen 2023, kwamishinan ayyuka ne a gwamnatin da su biyun su ka jagoranta. Saboda haka duk wanda ya nuna wani da yatsa a kan rufewar Bompai, gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba Kano kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Amurka ma, da ma'aikatun mota na birnin Detroit su ka yi ta raguwa har birnin ya tsiyace a 2013, 'yan mazan jiya sun ce ƙungiyoyin ƙwadago da yawan haraji ne sababi, masu sassaucin ra'ayi sun ce haɗamar masu jari ce da su ka kwashe aiki zuwa ƙetare. Amma can aƙalla ra'ayi biyu ne su ke karo, kamar yadda ya ke a zamanin NEPU da NPC. A Kano ta bayan 1999 da wuya a nuna inda gidajen nan su ka saɓa a kan kuɗin fito, ko noman auduga, ko farashin lantarki. Saɓanin ya fi yawa a kan mutum da hularsa.

Lalle wajibi ne a yi adalci: kwastan da canjin kuɗi a hannun gwamnatin tarayya su ke, lantarki ma haka ya kasance har gyaran dokar 2023. Gwamna ba shi da ikon tsare iyaka. Amma abin da ke hannun jiha ma bai tsira daga husuma ba. An fara aikin samar da wuta daga madatsun Tiga da Challawa a zango na biyu na Kwankwaso, ya sauka ba a gama ba, aka shafe shekaru kowane ɓangare yana ɗora wa ɗaya alhakin jinkiri. A Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a filayen da tsohuwar ta sayar, gari ya yi makonni ba a zancen kome sai wannan. Da aka ƙara kuɗin wuta ga manyan masu amfani da ita a Afrilun 2024, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, abin da ya taɓa kowace ma'aikata da ta rage, ba a ji rabin wannan hayaniya ba. Haka dagwalon majemu da ke kwarara cikin kogin Challawa, da wanda ke bi ta Getsi ya faɗa Jakara daga Bompai, inda masu lambu su ke ban ruwa: ba shi da ɗan jam'iyyar da za a rataya wa, don haka ba shi da mai kuka a kansa.

Akwai abin da ya motsa. An kafa injunan casar shinkafa da yawa, musamman bayan rufe iyakoki a 2019, an kuma buɗe tashar wuta mai aiki da hasken rana ta megawat 10 a Challawa a Janairun 2023. Amma wasu daga cikin tsofaffin masaƙu sun koma sito, ana jibge kayan da aka shigo da su daga waje a daidai inda injin saƙa ya tsaya. Masaƙan da aka sallama, da yawansu sun koma acaɓa, aka hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, su ka koma neman A Daidaita Sahu na haya. Wanda ƙarfinsa ya ƙare kuwa shi ne ya karɓi aikin gadi a ƙofar da a dā ya ke shiga da katin aiki a aljihu.