Ɓarnar Da Annobar Korona Ta Yi Wa Hankalin Jama'a

Ran 5 ga watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar korona ta fita daga halin gaggawa. Jama'a suka yi hamdala, kowa ya koma kan harkarsa. To, amma akwai wata ɓarna da annobar ta yi wadda ba a cika maganarta ba, watau ɓarnar da ta yi wa hankalin mutane. Ita muke so mu duba, domin malaman makaranta da akawuna sun fi kowa cuɗanya da jama'a, su ne kuwa za su fara ganin alamunta.

Mu ɗauki Kano misali. An sami mutum na farko mai cutar a can ran 11 ga Afrilu 2020, kafin mako ya zagayo aka kafa dokar kulle. Aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a, azumi kuma ya kama mutane cikin gidajensu. A watan nan aka yi ta mace-mace a birni, galibi dattawa. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma wajen rabinsu ko fiye korona ce sanadinsu.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Kulle kuwa ƙafar ya ɗaure. A al'adarmu wanda aka yi wa rasuwa ba ya zama shi kaɗai, kwana da kwanaki ana zuwa masa ta'aziyya har zuciyarsa ta yi sanyi. A shekarar 2020 da yawa sun haɗiye baƙin cikinsu babu mai taya su. Ga tsoron cuta, ga magidanci mai neman na yau da yau a zaune babu abin cefane, ga yara a gida wata shida da wani abu ba makaranta. Waɗannan su ne ke haifar da rashin barci, da fargaba, da ciwon damuwa. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya a shekarar farko ta annobar.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu taɓin hankali da ke kan magani tun dā. Irin wannan magani ba a yanke shi farat ɗaya, in an yanke sau da yawa ciwon yakan dawo. Asibitocinsa kuwa 'yan kaɗan ne a Arewa, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Da aka hana tafiya tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli 2020, mutumin ƙauye mai zuwa karɓar magani wata wata ya rasa hanya. Binciken da hukumar nan ta yi a ƙasashe 130 a 2020 ya nuna cewa kashi 93 cikin 100 nasu aikin kula da masu taɓin hankali ya sami cikas. A lokacin kuwa likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200.

An dai sami ci gaba ɗaya. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa marar lafiya haƙƙinsa na mutunci da magani. Amma doka ba ta kai kowa asibiti, sai mutane sun kai shi.

Saboda haka muna roƙon malamai su sa ido. Yaron da dā yake da ƙwazo, yanzu ya koma shiru shiru, ba ya cin abinci, ba ya wasa, kada a fara da bulala. A jawo shi a ji damuwarsa, a ga iyayensa. Haka kuma akawun da ya ga abokin aikinsa ya daina barci, yana keɓe kansa, ko yana maganar mutuwa, lalle ya raka shi wurin likita ba da jinkiri ba. Addu'a ba ta hana magani. Ɗaure mutum da mari ko ɓoye shi a ɗaki don gudun abin kunya ƙara masa ciwo yake yi. Taɓin hankali cuta ce kamar zazzaɓi, kuma da yawa sukan warke in an kai su da wuri.

Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.