Darasin Radiyo: Yadda Ake Zaɓen Waya da Kayan Tashar Maimaita Murya

Darasinmu na yau a kan radiyo yake. Ku kasa kunne. Wanda ya samu takardar nan kuma, ya karanta a hankali, ya karanta ma maƙwabcinsa.

Su wane ne masu radiyon sha'awa?

Radiyon da ke cikin gidajenmu ji kawai yake yi. Amma akwai radiyon da ake magana da shi, a ji ka, a amsa maka. Akwai mutane ko'ina cikin duniya da suke koyon wannan aiki don sha'awa, ba don neman kuɗi ba. Su ne masu radiyon sha'awa. Kowane ɗayansu yana da takardar izini, yana da lambar kira. Lambar ƴan Nijar tana farawa da 5U. Ta maƙwabtanmu ƴan Najeriya tana farawa da 5N.

Wani zai ce: mi ne ne amfaninsa, tunda ga salula? Amfaninsa yana fitowa ranar wahala. A shekara ta 2015, da aka yi girgizar ƙasa a Nepal, masu radiyon sha'awa sun taimaka wajen kai labari. Mu ma mun ga ambaliyar ruwan shekara ta 2024 a Maradi, da Damagaram, da Tawa. In irin wannan ta zo, hanya ta yanke, kuran ya ɗauke, salula ta yi shiru, radiyo mai batir yana iya kiran taimako.

Mi ce ce tashar maimaitawa?

Ƙaramin radiyon hannu ba ya kai murya nesa. Kilometir kaɗan ne, sai ta ɓace. Don haka ake kafa tashar maimaitawa a wuri mai tudu. Masu aikin suna ce mata rele.

Ku tuna da ladan ranar Idi. Liman ya yi kabbara, na baya ba su ji ba. Sai ladan ya maimaita da ƙarfi, kowa ya ji. Haka tashar nan take. Tana jin ƙaramar murya, nan take ta sake aika ta da ƙarfi.

A Afirka da Turai, masu radiyon sha'awa suna da zango daga megahaz 144 zuwa 146. A nan tashar take ji a wuri ɗaya, ta yi magana a wani. Tsakanin wuraren biyu kilohaz 600 ne kawai. Wato tana ji, tana magana a lokaci guda. Wannan shi ya sa kayanta suke son kula.

Na 1: Tudu

Muryar wannan zango tana tafiya miƙe, kamar gani. In anten, wadda wasu ke ce ma eriya, tana bisa da metir 25, a fili tana kai wajen kilometir 20. In ta ɗara ƙasar da ke kewaye da metir 100, tana kai wajen kilometir 40. Sai an ninka tsawo sau 4 kafin nisa ya ninku sau 2. Saboda haka duwatsun Adar da na Damagaram alheri ne ga mai wannan aiki. Inda ƙasa take shimfiɗe kuwa, sai a nemi dogon ƙarfe ko dogon gini, tare da yardar masu shi.

Amma ku lura. In anten ta yi bisa, waya ta yi tsawo. A nan matsala take.

Na 2: Babbar waya

Wayar da ke tashi daga na'ura zuwa anten ba irin wayar fitila ba ce. Sunanta kowaksiyal. In ka yanke ta za ka ga abu 4: jan ƙarfe a tsakiya, farar roba kewaye da shi, sannan saƙar ƙarfe, sannan baƙar roba a waje. Wani Bature ɗan Ingila, Oliver Heaviside, shi ya yi rajistar dabarar a shekara ta 1880.

Masu noman rani sun san tiyo mai huda. Injin yana aiki, mai yana ƙonewa, amma ruwan da ke isa fangali kaɗan ne. Haka waya take. Kowace waya tana cin wani abu daga ƙarfin murya. Siririya ta fi ci. Doguwa ta fi ci.

Ga misali. Na'ura tana ba da wat 20. Tsawon waya metir 30.

In siririyar waya ce mai suna RG-58, wajen wat 5 ne za ya isa anten. Kashi 3 cikin 4 ya tafi a banza.

In mai kauri ce, RG-213, wajen wat 11 za ya isa. Kusan rabi ya tafi.

In waya mai tauri ce, wadda jikinta bututun jan ƙarfe ne, mai kaurin rabin inci, irin ta Heliax, wat 16 ko fiye za ya isa.

Kuma hasarar nan zuwa da dawowa ce. Yadda waya ke cin muryar da ke fita, haka take cin muryar da ke shigowa. Mutum yana can daji yana kira, batir ɗinsa ya yi sanyi. Ƴar muryar tasa ta iso anten, waya ta cinye ta. Ƙara ƙarfin na'ura ba ya maganin wannan. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ga abu 3 da za ku duba kafin ku saya.

Na farko, ku karanta rubutun jikin waya. Ta wannan aiki om 50 ce. Ta talabijin da ta parabol om 75 ce. Suna kama da juna, amma ba ɗaya ba ne. Kun ga amfanin karatu ke nan.

Na biyu, ku kankare bakin waya da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In saƙar ta yi ƙaranci har kana hango farar roba ta cikinta, ka bar ta a kanti.

Na uku, akwai waya mai takardar alminiyom a ƙarƙashin saƙar jan ƙarfe. Ga radiyon gida tana da kyau. Ga tashar maimaitawa kuwa, masu aikin suna gudunta. In ta kwana biyu, ƙarfen nan iri biyu suna gogar juna, sai su riƙa ƙarar kar-kar lokacin da tasha ke magana. Ƙarar ta rufe mata kunne.

Na 3: Mai raba hanya da gajerun wayoyi

Mun ce tasha tana ji tana magana a lokaci guda, da anten ɗaya. Mutum ba ya jin raɗa in ana buga ganga a kunnensa. Don haka ake sa wani abu tsakani, sunansa dufileksa, wato mai raba hanya. Kamar manyan gwangwanaye yake, guda 4 ko 6. Shi ke hana muryar fita shiga kunnen tasha. Gwani ke daidaita shi da ma'auni. In an daidaita, kada kowa ya murɗa shi.

Gajerun wayoyin da ke haɗa shi da na'ura su zama masu saƙa riɓi biyu, mai ruwan azurfa, kamar RG-214 ko RG-400. Waya mai saƙa ɗaya tana yoyon murya.

Na 4: Mahaɗi

Mahaɗi shi ne bakin ƙarfen da ake ɗaura ma waya. Irin da ake kira N ya fi PL-259 ga wannan aiki, don yana da robar da ke tare ruwa. Duk da haka a naɗe kowane mahaɗi na waje da tef mai hana ruwa. In ruwan damina ya shiga waya, saƙar ta yi baƙi, ta lalace ke nan. Kafin waya ta shiga ɗaki a lanƙwaso ta ƙasa kaɗan, don ruwa ya ɗiga a waje. Waya mai tauri kuma ba a karya ta kamar kara. A hankali ake lanƙwasa ta.

Na 5: Wuta, zafi da tsawa

Tasha tana aiki da batir mai bolt 12 da pano na hasken rana. Wayar batir ta zama gajera mai kauri. Ja a wajen alamar tarawa, baƙa a wajen alamar ɗebewa. A sa fuzibil kusa da batir, don in wayoyi suka haɗu shi ya ƙone, ba ɗaki ba. Lokacin hunturu a riƙa share ƙurar pano.

A watan Afrilu da na Mayu zafi yana wuce digiri 40. Radiyon mota ba a yi shi don doguwar magana ba fasawa ba. In da shi aka haɗa tasha, a rage ƙarfinsa, a sa masa fanka. Ɗakin ƙasa mai iska ya fi ɗakin kwano. A toshe hanyar ɓera da gara.

Dogon ƙarfe yana jan tsawa. A kafa sandunan ƙarfe cikin ƙasa, a haɗa su da dogon ƙarfen da waya mai kauri. A sa abin kare tsawa inda waya ke shiga ɗaki. In hadari ya taso, kada kowa ya hau. Kuma kada a kafa anten kusa da wayoyin kuran. Rai ya fi tasha.

Izini

Wannan shi ne gaba da komi. Iska tana da doka. A Nijar, hukumar ARCEP ke kula da rabon zango. Kada kowa ya kunna na'urar aika murya ba da takarda ba. Radiyon sha'awa ba na ciniki ba ne, ba na ɓoye ba ne. Mai magana yana faɗin lambar kiransa.

To jama'a, in ƙungiyarku ta tara kuɗi, kada ku zuba su duka a kan na'ura mai ƙyalli. Ku ware na waya mai kyau tun farko. Ƙaramar na'ura da waya ta gari ta fi babbar na'ura da waya mai yoyo.

Tambayoyi don aji:
1. Om nawa ce wayar tashar maimaitawa?
2. In na'ura ta ba da wat 20, wat 5 ya isa anten, nawa ya ɓace?
3. Don mi ake lanƙwaso waya ƙasa kafin ta shiga ɗaki?

Ku rubuta amsa cikin littattafanku, ku nuna ma malam. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.