Dauɗar da Ido Ba Ya Gani



Idan ciwo ya tsananta ga mutum a ƙasar Illela, har ya fi ƙarfin babban asibitin Illela, aka ɗauke shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka kwantar da shi a sashen kulawa ta musamman, babu abin da ya fi ɓata wa dangi rai kamar a tsayar da su a bakin ƙofa, alhali suna ganin mai goge-goge yana shiga da bokitinsa ba mai ce masa uffan. To, wannan hani yana da hujja.

Duk wanda ya karanta Ahalari ya san ana hukunta ruwa ne da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Amma ƙwayoyin cutar da ke manne da ƙarfen gado, da mariƙin ƙofa, da maɓallan na'urar numfashi, ba su bayyana da ko ɗaya daga cikin siffofin nan, kuma akwai irin da ke yin makonni a raye bisa busasshen ƙarfe. Majinyacin ɗakin nan kuwa, da roba a maƙogwaro da allura a jijiya, ƙofofin jikinsa a buɗe suke, ko wane hannu ya taɓa gado ya taɓa shi yana iya zama sababi. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu majinyata 15 cikin 100 kan kamu da wata cuta a asibitin da suka je neman waraka.

Aikin mai bokitin nan yana da sharuɗɗa da jerantawa. Wajibi ne ya fara wanke wurin da ruwa da sabulu, domin jini da majina suna karya ƙarfin kulorin, maganin da yake kashe ƙwayoyin cuta da shi. Sa'an nan ya shafa ruwan maganin, daga wuri mai tsabta zuwa mai dauɗa, daga sama zuwa ƙasa, ya kuma bar shi jiƙe aƙalla minti guda, gama wanda ya shafa ya tsane nan take bai gama kashe ƙwayoyin ba. Inda jini ya zuba, haɗin yakan ninka na yau da kullum sau biyar. Kuma ba a kwana da shi, tun ba a zafin ƙasar Sakkwato ba, sai a haɗa sabo kowace safiya.

Abin da ke damuna, jama'a, shi ne waɗannan bayin Allah su ne mafi ƙarancin albashi da daraja a asibitocinmu, ga shi kuwa amanar rai ce a hannunsu. Haƙƙinsu ne a kan hukuma ta koya musu awon magani, ta wadata su da safar hannu da tsummoki daban-daban ga kowane gado, ta kuma tabbata ruwa bai yanke musu ba.