Yaye da sabuwar shimfiɗar yaro

A ƙauyukanmu, jariri bayan uwarsa yake wuni, gefenta yake kwana. Tun daga ranar suna bai san wata shimfiɗa ba sai tata. In ya farka tsakar dare nono na kusa, ya sha, ya koma barci. Haka ake tafiya har wajen shekara 2.

Sai rana ɗaya a ce yaye ya zo. A shafa abu mai ɗaci ga nono, a ɗauki yaro a kai shi ɗakin kakarsa, wani lokaci ma wani gari. A dare guda ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani. Ya yi ta kuka har asuba, mutanen gida su ce yaron nan rigima gare shi. Ba rigima ba ce. Abu uku aka raba shi da su lokaci guda. Ko babba aka yi wa haka, ba zai runtsa ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a rarraba su, ɗaya bayan ɗaya. A fara da shimfiɗa, tun yaro yana shan nono. A sa masa tabarma ko ƴar katifa dab da gadon uwar, inda in ta miƙa hannu za ta taɓa shi. A soma da barcin rana, domin da rana ba ya jin tsoro. In ya saba, sai a koma ga na dare. A ba shi wani tsohon zanen uwar ya rufa da shi: ƙamshinta na jiki, yana kwantar masa da hankali. A riƙa ce masa: "Ga gadonka, ka zama babba." Bayan sati biyu ko uku, sannan a shiga maganar nono. In kaka ce za ta riƙe shi, ta fara zuwa hira da dare tun kafin ranar, ya saba da hannunta.

Macen da ke da ciki kada ta jira sai ta haihu. Ta canza wa yaro wurin kwana tun da sauran wata biyu ko uku. In an kore shi daga gado ranar da jariri ya zo, zai ga ƙanensa ne ya ƙwace masa wuri, kishi ya tashi. Ban da haka, yaro mai shekara 2 birgima yake yi cikin barci, yana iya danne jariri bai sani ba.

Yaro ba ya duban agogo. Abin da aka saba yi masa shi ne agogonsa. In kullum bayan magariba ya ci abinci, aka wanke masa jiki, ya yi fitsari, aka yi masa gatana guda, aka rage fitila, to jikinsa da kansa zai gane lokacin kwana ya yi. Abincin dare kuwa a kula da shi sosai. Yaron da aka yaye sau da yawa yunwa ke tashe shi. Kunun gero da aka sa wa ƙuli-ƙuli ko nono ya fi ruwan fura tsarki riƙe ciki.

A shekarar 2019, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta faɗi yawan barcin da ya kamata. Yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana bukatar awa 11 zuwa 14 cikin wuni da dare. Mai shekara 3 zuwa 4, awa 10 zuwa 13. Barcin rana yana cikin lissafi. Amma in ya kwanta bayan la'asar ya kai har faɗuwar rana, kada a yi mamaki in dare ya yi idonsa biyu.

Zai taso ya hau gadon uwa, ba sau ɗaya ba. Ta maida shi shimfiɗarsa, ta dafa bayansa, ta ce: "Kwanta, ga ni nan." Ba faɗa, ba dogon zance. In yau an maida shi, gobe an bar shi, jibi an doke shi, yaro ba zai san wadda ake so ba. Maigida ma da nasa aiki: ya rage rediyo, ya kai hira waje. Kada a ba yaro ragowar shayi da dare, shayi yana hana barci. Kada a ba shi salula ya yi kallo don ya yi shiru. Zancen dodo da kura kuwa yana rufe bakinsa yanzu, amma tsakar dare tsoron ne zai tashe shi. Mafi muni shi ne maganin barci da ake saya wurin masu talla. Akwai irin da ke tsaida numfashin ƙaramin yaro.

Ga wani abu da ake yawan mancewa. Sange bisa gadon uwa yake. Ranar da yaro ya sauka, ya fita daga cikinsa, sauro ya samu nama. Yara ƴan ƙasa da shekara 5 su ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kashewa. Saboda haka kafin a shimfiɗa tabarma, a nemo sange mai magani. In sabo ne, a shanya shi cikin inuwa kwana guda tukuna. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe, a ɗinke inda ya yage. Ko da bazara, da ake kwana tsakar gida, a kafa itace huɗu a ɗaura shi. In babu sange na biyu, gara yaro ya ƙara ƴan kwanaki wurin uwarsa har a samu.

Gadon ƙarfe mai tsawo ba na yaro ba ne, faɗuwa daga kansa tana fasa kai. Ƙasa ta fi, sai dai a share wuri, a kakkaɓe shimfiɗa saboda kunama. Da ɗari, kaskon wuta ya yi nesa da shi, kuma kada a rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki.

Fitsarin kwance ga mai shekara 2 ko 3 ba laifi ba ne, bai isa riƙewa ba. A sa leda ƙarƙashin zane, a shanya da safe. Amma ba kowane kukan dare ne na sabon wuri ba. In jikin yaro da zafi, ko yana jan kunne, ko ya ƙi abinci, ko yana sosa duburarsa saboda tsutsar ciki, a kai shi likita da safe. In kuwa yana numfashi da ƙyar, ko yana amai ba tsayawa, ko jikinsa yana fizga, ba a jiran safiya.