Lallashi ko Ƙarfi: Wanne Ke Raba Mai Tsattsauran Ra'ayi da Aƙidarsa?

Garuruwan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ba su ga irin ɓarnar da Borno da Yobe suka gani ba, amma ba su yi nisa da tarihin fitinar ba. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, duk cikin Jihar Kano suke, kuma har gobe da an gama girbi matasansu Kano suke nufa, wasu ci-rani, wasu neman karatu. A cikin irin waɗannan baƙin birni, gardawa da 'yan ci-rani, Maitatsine ya fi samun mabiya. Yau kuwa ba sai yaro ya hau motar Kano ba, wa'azin yana iso masa a waya. Saboda haka tambayar ta shafe mu kai tsaye: idan mutum ya rungumi aƙidar kafirta al'umma da halatta jininta, da me ake dawo da shi?

Abin da ƙarfi ya yi

An gwada ƙarfi a kan Muhammadu Marwa Maitatsine tun 1962, lokacin da aka kore shi daga Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Ya dawo, ya kafa sansani a 'Yan Awaki, har aka kai ga rikicin Disamban 1980 wanda ya ci rayuka sama da 4,000, ciki har da nasa. Sojoji sun murƙushe sansanin, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar masu kashe mutane su ci karensu babu babbaka. Amma mabiyan da suka tsira sun tafi da aƙidar a ƙirjinsu: Bulumkutu a Maiduguri da Rigasa a Kaduna a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985.

Na Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ya fi wannan muni. A ƙarshen Yulin 2009 sojoji suka kama shi da rai a Maiduguri, suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Da an gurfanar da shi, da mabiyansa sun ga shugabansu yana amsa tambayoyi kamar kowa. Maimakon haka sai aka ba su wanda za su kira shahidi, aka ba magajinsa Abubakar Shekau hujjar ramuwa. Kano ta ɗanɗani sakamakon a hare-haren ranar 20 ga Janairun 2012, da kuma na ranar Juma'ar 28 ga Nuwamban 2014 a Babban Masallaci. Wani bincike da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017 ya tabbatar da wannan: kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu sun ce abin da ya ƙarasa tunzura su shi ne wani matakin hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki.

Ƙarfi yana riƙe hannun mai kisa, kuma hakan wajibi ne. Amma tsoro ba ya warware shubuha. Idan kuma aka haɗa ƙarfin da zalunci, sai ya zama shaida ga abin da ake faɗa wa yaron tun farko, cewa hukuma maƙiyiyarsa ce.

Abin da hujja ta yi

Masu ganin lallashi ɓata lokaci ne suna da abin nunawa. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, haifaffen Daura maƙwabciyarmu, ya yi wa Muhammad Yusuf nasiha, sannan ya fito fili ya warware da'awarsa ta haramta karatun boko da aikin gwamnati. Malam Isa Ali Pantami ya zauna muƙabala da shi a Bauchi a 2006. Sheikh Auwal Albani Zariya ya daɗe yana yi wa Yusuf da mabiyansa raddi. Yusuf bai sauya ba. An harbe Sheikh Ja'afar yana limancin sallar asuba a masallacin Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007, an kashe Albani a Zariya a farkon Fabrairun 2014.

Sai dai auna nasarar muƙabala da tuban shugaba kuskure ne. Shugaba ya riga ya zuba mutuncinsa, abincinsa da sarautarsa a cikin da'awar. Ya ce ya yi kuskure daidai yake da ya rushe kansa. Masu amfana su ne na gefen tabarma, waɗanda ƙafarsu ɗaya ke ciki ɗaya waje. Kaset-kaset ɗin waɗannan malamai sun zaga tashoshin mota da shagunan teloli, kuma matashin da ya ji an kawo aya an bi ta da tafsirinta, an tambayi mai da'awa ya kasa amsawa, ba zai ƙara ɗaukar maganarsa yankan wuƙa ba. Haka ta faru tun zamanin Sahabbai: Abdullahi ɗan Abbas ya shiga sansanin Khawarijawa, ya saurari hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya ya warware su, dubbai suka dawo. Sauran da suka nace suka zubar da jini su Sayyidina Ali ya yaƙa a Nahrawan. Magana ce ta gabata, takobi ya biyo baya, kuma a kan waɗanda suka yi kisa kaɗai.

A Masar ma an ga shugabanni da kansu sun janye. Jagororin Jama'a Islamiyya sun ayyana ajiye makami daga kurkuku a 1997, sannan a 2002 suka wallafa littattafai suna warware fatawoyinsu na baya. Abu biyu ne suka haɗu: yaƙin ya ci tura, kuma an ba su littattafai da damar tattaunawa da mabiyansu. Wannan ya yi kama da abin da ya biyo bayan mutuwar Shekau a dajin Sambisa a Mayun 2021, lokacin da dubun-dubatar mutane, galibinsu mata da yara, suka miƙa wuya a Borno. Yunwa da matsin soja ne suka fito da su, amma da babu ƙofar da aka buɗe, kamar shirin Operation Safe Corridor da aka fara a 2016 mai sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, ko cibiyar Gudumariya a Jihar Diffa ta Nijar, da sun zaɓi mutuwa a daji. Dole a faɗi gaskiya a nan: ajiye bindiga daban, barin aƙida daban, kuma wadda aka kashe mata miji tana da haƙƙin tambayar me ya sa tubabbe ya samu jari ita tana sansanin gudun hijira. Sulhun da ya manta da ita bai cika ba.

Inda abin ya shafe mu

A ƙauyukanmu abin ba da bindiga yake farawa ba. Yaro ne zai dawo daga birni ya daina bin limamin unguwa salla, ya ƙi cin yankan mahaifinsa, ya ce ƙanwarsa ta bar makaranta. Sau da yawa martanin gida shi ne gori: a yi masa laƙabi a majalisa, a ambace shi a huɗuba, uba ya ce ya tattara kayansa. Daga ranar ba shi da kowa sai waɗanda suka ɓatar da shi, su kuwa dama sun gaya masa za a tsane shi saboda gaskiya. Tozarci a bainar jama'a shi ma nau'in ƙarfi ne, kuma illarsa ɗaya.

Abin da ya fi tasiri shi ne kawu ko tsohon malaminsa na allo ya kira shi zaure su biyu, ya ce, "Ɗana, kawo hujjarka mu duba," ya bar shi ya gama, sannan a buɗe littafi. Ba a zama ɗaya ake gamawa ba, kuma dole mai zaman ya san karatu, domin liman da aka tambaya ya amsa da tsawa ya riga ya faɗi a idon yaron. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yankin nan yana da kayan aikin: masu unguwanni da dagatai da suka san kowane gida, malaman Ɗariƙa da na Izala da mutane ke saurara, da masarautun da za su iya tara su a shimfiɗa ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne a koya wa limamai amsa shubuhohin kafirtawa da ilimi, a samar da hanyar da uwa za ta kai ƙorafin ɗanta ba tare da fargabar za a ɗauke shi ya ɓace ba, a kuma haɗa nasiha da sana'a. Wanda ya ɗauki makami a kama shi a kai shi kotu, a hukunta shi a idon jama'a. Wanda bai kai nan ba, haƙƙinsa ne a kan danginsa da malamansa su ci gaba da zama da shi har ya dawo.