Sharuɗɗan Biza Ga Ba'indiye Mai Nufin Ƙetare, Da Abin Da Ke Samun Wanda Ya Kauce Musu

Daga cikin al'ummomin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya shimfiɗa a bayan ƙasa, babu wadda 'ya'yanta suka yaɗu cikin ƙasashen mutane a wannan zamani kamar Indiya, domin ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 18 da aka haifa a can suna zaune a waje, kuma kuɗin da suke aikawa gida ya haura dala biliyan 100 a shekara tun daga 2022. Ƙasar da ta fitar da jama'a mai wannan yawa lalle ta ɗanɗana daɗin tafiya da ɗacinta, ta kuma tsara dokoki gwargwadon abin da ta gani. Shi ya sa ya dace mai karatu ya san sharuɗɗan da ke kan Ba'indiye in ya nufi ƙetare, tun da yake leburan Kerala da Bihar da 'yan'uwanmu masu zuwa neman arziki Jidda da Dubai layi ɗaya suke bi gaban jami'in shige da fice, kuma irin lafazin da dillali ke yaudarar wancan da shi, da shi ake yaudarar wannan.

Abin da ya wajaba a fara rarrabewa shi ne fasfo da biza, gama jahiltar bambancinsu shi ne tushen yawancin asara. Fasfo shaida ce daga hukumar ƙasar mutum cewa shi ɗanta ne, kuma a Indiya dokar shekarar 1967 ce ke hukunta bayar da shi da karɓe shi. Biza kuwa izini ne daga mai masauki, wanda aka ƙayyade shi da dalili, da wa'adi, da adadin shiga, ta yadda wanda aka ba izinin ziyara bai halatta ya yi aiki ba, wanda aka ba na karatu bai halatta ya bar makaranta ya kama sana'a ba. Bayan haka kuma, ko da bizar ta inganta ta kowace fuska, magana ta ƙarshe tana hannun jami'in da ke zaune a filin jirgi, wanda yake da ikon ya tambayi tikitin komawa, da masauki, da guzuri, ya duba ko fasfon yana da sauran wata 6 kamar yadda ƙasashe da yawa suke sharɗantawa, in amsar ba ta gamsar da shi ba ya mayar da mutum a jirgin da ya kawo shi.

Ƙofofin da ke gaban Ba'indiye ba faɗinsu ɗaya ba. Nepal ba ta neman biza gare shi, albarkacin yarjejeniyar zumunci ta 1950. Butan ma haka, sai dai tana ba da takardar izinin shiga, kuma tun 2022 tana karɓar rupi 1,200 a kowane dare daga baƙon Indiya mai yawon buɗe ido. Tsibiran Maldibs da Moris suna buga masa hatimi in ya sauka. Tailan ta ɗauke masa bizar ziyara a Nuwamban 2023, Malesiya ta bi sahu a Disamba. Amma wannan sassauci rahama ce ta masu mulki, ba haƙƙi ne tabbatacce ba, kuma wanda ya bayar yana iya karɓewa: Sabiya, wadda ta yi shekaru tana barin Indiyawa su shiga ba biza, ta rufe ƙofar ranar 1 ga Janairun 2023, bayan Tarayyar Turai ta koka cewa ta nan ake bi a tsallaka cikinta. Saboda haka labarin da wani ya kawo na tafiyarsa ta bara ba hujja ba ne ga mai tafiya bana. Hujja ita ce abin da ofishin jakadancin ƙasar ya faɗa a makon da za a tashi.

Ƙasashen Turai 29 da ke cikin yarjejeniyar Shengen suna ba da izinin kwana 90 cikin kowane kwana 180, a kan yuro 90, tare da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Kuma tun Afrilun 2024 Ba'indiyen da ya karɓi biza biyu cikin shekara 3 ya cika sharaɗinsu yana iya samun ta shekara 2, daga nan ta shekara 5, wato dai cika alkawari shi ke buɗe ƙofa ta gaba. Amurka kuwa dokarta ta ɗauki kowane mai neman ziyara a matsayin mai niyyar zama har sai ya kawo dalilin da zai sa ya koma gida, kuma dala 185 da ya biya ba a mayar masa in an ƙi shi.

Amma inda mas'alar take da zurfi, inda kuma Indiya ta sha bamban da yawancin ƙasashe, shi ne cewa talakanta yana bukatar izini biyu: na ƙasar da zai shiga, da na ƙasarsa kafin ya fita. Asalin wannan hukunci tsoho ne. Daga 1834 zuwa 1917, zamanin mulkin Ingila, an kwashi Indiyawa fiye da miliyan 1 zuwa gonakin rake na Moris da Fiji da Tirinidad da Natal a bisa takardun ƙwadago waɗanda yawancinsu ba su iya karantawa ba, sai dai su dangwala yatsa, kuma saboda zaluncin da ya auku ne aka naɗa jami'i mai suna majiɓincin masu hijira. Muƙamin yana nan har yau ƙarƙashin dokar hijira ta 1983. Duk wanda bai gama aji 10 na makaranta ba, in dai ba ya cikin waɗanda aka keɓe kamar mai biyan harajin shiga ko wanda ya haura shekara 50, ana rubuta wa fasfonsa haruffan ECR, ma'ana ba zai fita aiki zuwa wasu ƙasashe 18 ba sai majiɓincin nan ya duba kwantiraginsa ya yarda. Cikinsu akwai Saudiyya, da Daular Larabawa, da Kuwait, da Katar, da Oman, da Baharen, da Iraki, da Libiya, da Sudan, har da Tailan da Malesiya ɗin nan da suka sauƙaƙa ziyara.

Fa'idar wannan bincike ba ƙarama ba ce ga wanda ya bi ta cikinsa. Ana rajistar uban gida da dillali da ma'aikaci a wani tsari na intanet mai suna eMigrate, ana rubuta albashi, an haramta wa dillali mai lasisi ya karɓi fiye da rupi 30,000 ban da haraji, kuma wajibi ne a yi wa ma'aikacin inshorar da za ta biya rupi miliyan 1 in ya mutu ta haɗari ko ya nakasa, alhali kuɗin shigarta bai kai rupi 400 ba. Mata an ƙara tsananta musu: wadda ba ta kai shekara 30 ba ba a ba ta wannan izini, kuma tun 2016 masu aikatau a gidaje sai ta hannun hukumomin gwamnati ake ɗaukarsu. Ba na musun cewa akwai ƙasƙanci cikin a bambanta ɗan ƙasa da ɗan'uwansa da takardar makaranta. A farkon 2018 ma hukuma ta yi niyyar ba waɗannan bayin Allah fasfo mai launin lemo dabam da shuɗin da kowa ke riƙewa, jama'a suka yi ca a kanta cewa tambarin talauci ne za a manna musu, ba a yi wata guda ba ta janye. Duk da haka, a ganina, ƙasƙancin layi a ofis ya fi sauƙi a kan abin da zan ambata yanzu.

Binciken nan yana hawa kan mai fita aiki ne kaɗai, bai shafi mai ziyara ba, kuma ta wannan kafa ce ma'abota ha'inci suke shigowa. Dillali marar lasisi, wanda galibi ba baƙo ba ne, ɗan ƙauye ne ko surukin wani, zai ce wa saurayi ya bar wahalar ofis, ya tafi da bizar ziyara, in ya isa maigida zai juya ta ta zama ta aiki. Saurayi ya sayar da gona ko ya jinginar da zinaren mahaifiyarsa, ya tashi. To, daga ranar da ya ɗauki shebur da bizar ziyara ya zama mai laifi a idon mai masauki, kuma sunansa ba ya cikin rajistar ƙasarsa, babu kwantiragi, babu inshora. In wa'adi ya cika tara ta fara hawa kansa kowace safiya. In maigida ya riƙe fasfonsa, abin da dokokin ƙasashen Larabawan da kansu suka hana, ko ya hana shi albashi, ba ya iya kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba. Wanda ma ya shiga ta halal, in ya gudu daga maigida azzalumi a Saudiyya, ana iya kai rahotonsa da sunan hurub, wato gujajje, balle wanda tun farko ba shi da madafa. Araha dai ba ta ado.

Kada mai ilimi ya zaci wannan musiba ta jahilai ce. Da yawa daga cikin samarin da aka yaudara da aikin kwamfuta a Tailan masu digiri ne, fasfonsu ba shi da haruffan nan uku. Sun sauka Bankok a matsayin baƙi, aka ɗauke su a mota zuwa Mae Sot, aka tsallaka da su kogi zuwa Myawaddy ta ƙasar Bama, inda aka tsare su cikin gidaje masu gadi ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. A Maris ɗin 2025 jiragen sojan Indiya biyu suka kwaso 549 daga cikinsu. Wasu kuma an yi musu alkawarin aikin hidima a Rasha, suka wayi gari a fagen yaƙin Yukren, har Firayim Minista Narendra Modi ya ɗaga maganar gaban Shugaba Putin a Yulin 2024, kuma a Janairun 2025 ma'aikatar harkokin waje ta tabbatar da mutuwar 12.

Mafi muni ita ce hanyar da mutanen Punjab da Haryana da Gujarat ke kira dunki, wadda har Shah Rukh Khan ya fito a wani fim mai wannan suna a ƙarshen 2023. Tsarinta shi ne a shiga wata ƙasa mai sauƙin shiga, daga nan a bi daji ko teku zuwa wadda ake nufi. A watan da fim ɗin ya fito, hukumomin Faransa suka tsare wani jirgi a filin Vatry ɗauke da fasinja 303 da suka taso daga Daular Larabawa za su Nikaraguwa, aka mayar da 276 Mumbai. Kafin nan, a Janairun 2022, an tsinci gawar miji da mata da 'ya'yansu biyu, 'yar shekara 11 da ɗan shekara 3, mutanen ƙauyen Dingucha na Gujarat, sanyi ya kashe su a Manitoba ta Kanada, saura taku kaɗan su taka iyakar Amurka. Waɗanda suka kai ma ba su tsira ba: ranar 5 ga Fabrairun 2025 jirgin sojan Amurka ya sauke mutum 104 a Amritsar, bayan sun yi tafiyar da ankwa a hannu da mari a ƙafa, bashin da suka ci yana jiransu a gida.

Hatta ibada ba ta fita daga wannan hukunci ba. Saudiyya ta ba Indiya kujera 175,025 a Hajjin 2024, ana rabawa tsakanin Hukumar Alhazai da ke Mumbai da kamfanoni masu lasisi, kuma bizar ziyara ko ta Umra ba ta halatta tsayuwar Arfa. A wannan shekara zafi ya yi sanadin rasuwar alhazai 1,301 daga ƙasashe dabam-dabam, ministan lafiyar Saudiyya kuma ya ce kashi 83 cikin 100 ba su da tasrihi, wato izinin Hajji, don haka ba su da tanti, ba su da mota, suka yi ta tafiya cikin rana. Wannan babi ba sai an yi wa mutanenmu sharhinsa ba.

Ba'indiyen da zai zo Kano ko Legas aiki a masaƙa ko kamfanin magani shi ma sai da biza, kuma sai kamfanin yana da gurbin ma'aikatan waje daga Ma'aikatar Cikin Gida. Akwai kuma katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura. Duk wanda ya sauka Indiya daga Nijeriya ko Nijar ko Gana ba shi da shi, ɗan ƙasa ne ko baƙo mai neman magani, ana iya killace shi har kwana 6.

Wanda abin ya riga ya rutsa da shi a ƙasar mutane, fasfo ya ɓace ko an riƙe, mafita ita ce ofishin jakadancin Indiya, wanda ke ba da takardar gaggawa ta komawa gida sau ɗaya, kuma yana da asusun jin ƙai da aka kafa a 2009 domin masauki na ɗan lokaci, da tikiti ga wanda ya rasa, da ɗauko gawa. Iyalinsa a gida suna iya shigar da kuka ta shafin MADAD na ma'aikatar harkokin waje. Sai dai jakada ba shi da ikon yafe tarar da mai masauki ya ɗora, ko fitar da mutum daga kurkuku, ko goge haramcin shiga da aka rubuta a kan sunansa, wanda a Amurka yakan kai shekara 10 ga wanda ya zauna shekara guda ko fiye ba bisa ƙa'ida ba.