Abinci a Aji: Yadda Makarantun Ƙasashe Daban-daban Ke Aiki Tare

Haɗa makarantun ƙasashe daban-daban ta kwamfuta ya daɗe. Tun a 1988, kafin Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, shirin iEARN ya haɗa wasu makarantun Mosko da na jihar New York a Amurka. A 2005 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da nata shirin, eTwinning, wanda ya koma ƙarƙashin Erasmus+ a 2014. Malamai daga ƙasashe biyu ko fiye su kan amince da batu guda, su tsara jadawali, ɗalibai su riƙa musayar rubutu da hotuna a keɓaɓɓen dandali mai suna TwinSpace.

Abinci yana cikin batutuwan da suka fi dacewa da wannan aiki, domin babu yaron da ba shi da abin faɗa a kansa. Ɗalibin da bakinsa ke nauyi a darasin tarihi zai iya bayyana abin da aka dafa jiya a gidansu. Galibi akan fara da hoton karin kumallo, sannan a tura yara gida su tambayi iyaye da kakanni yadda ake girkin biki ko na salla. A nan aikin ke yin armashi. Tsohuwa ba ta auna gishiri da cokali, hannunta ne ma'auni, don haka dole jikan ya tsaya kusa da tukunya, ya auna abin da ta ɗebo, ya mayar da shi giram, ya rubuta da harshen da abokan aikinsa za su gane. Lissafi da koyon harshe sun shigo ke nan ba tare da an kira sunansu ba.

Daga nan sai binciken asalin kayan girki. Ɗan Italiya yakan yi mamakin jin cewa tumatir daga nahiyar Amurka ya zo bayan 1492, haka ma masara da barkono da dankalin turawa. Jerin al'adun gargajiya na UNESCO ma yana da amfani: a 2020 an shigar da kuskus da sunan ƙasashe huɗu tare, wato Aljeriya, Maroko, Tunisiya da Muritaniya, abin da ke nuna wa yara cewa abinci ɗaya na iya zama na maƙwabta da yawa.

Aikin yana da ƙalubale. Lokutan hutu ba sa zuwa ɗaya, intanet na yankewa, wani kayan haɗin kuma ba a samunsa a kasuwar ɗaya ɓangaren, sai an nemi madadi. Malami mai lura yakan kuma kula da abin da addini ya haramta da abin da jikin wani yaro ba ya ɗauka, kuma ba ya barin ɗan talaka ya ji kunyar hoton kwanonsa. Yawancin ayyukan kan ƙare da littafin girki na haɗin gwiwa, ko ranar da kowane aji zai dafa abincin abokan aikinsa.